Muryar Fada Osbat

Wannan abu a Ingila aka yi shi, wajen shekara ɗari bakwai ke nan. A lokacin Kiristocin can sun yi imani cewa rai yakan tsaya a wani zango kafin aljanna, ya sha azaba gwargwadon zunubinsa, addu'ar masu rai kuma tana rage masa wa'adi. To, wani attajirin ulu, wanda sikelinsa bai taɓa faɗin gaskiya ba, da ya ji mutuwa ta matso sai ya gina ɗan ƙaramin coci, ya ce a binne shi ciki. Ya bar gona da gida da agwagi arba'in ga limamin da zai riƙa rera masa addu'ar Mas kullum safiya, a daidai kan kabarinsa. Matarsa, tsohuwa Mabil, ita ta zaɓo Fada Osbat.

Wayyo, Fada Osbat! Mutum ne na kirki, ba ya fashi ko rana ɗaya, amma murya, Allah ya kiyaye. In ya ɗaga ta, ka rantse jaki ne ya maƙale a ƙofa. Tattabarun rufin cocin tun makon farko suka yi ƙaura. Shi kuwa bawan Allah har lumshe ido yake yi.

Bayan shekara tara maƙwabta suka gaji, suka kai ƙara wurin bishop, shugaban limaman yankin. Bishop ya zo da kansa, ya tsaya aka fara Mas. Ko rabi ba a kai ba ya ɗaga hannu, fuska a yamutse.

"Ya isa, Fada! Gobe ka bar gidan. Zan turo wani mai murya."

Ga tsufa, ga sanyi ya kawo jiki, ina Fada zai nufa? Agwagin nan ma har suna ya raɗa musu. Ya juya ya dubi tsohuwa Mabil kamar zai yi kuka.

"Iya, ki sa baki mana."

Tsohuwa ta dogara sandarta ta matso. "Ranka ya daɗe, a bar shi. Limamai shida na saurara kafin na ɗauki wannan."

Fada ya gyara tsayuwa, har da ɗan murmushi. Ashe dai akwai mai kunne a garin nan!

Bishop ya riƙe baki. "Shida, Iya? Kika zaɓi wannan? Ba kya tausayin mijinki ne? Kullum fa a kansa ake wannan abu."

"Tausayin ne ya sa, ranka ya daɗe," in ji ta. "Na san zunubin mijina, addu'a kaɗai ba za ta iya da shi ba. Amma in ana haɗa masa da azabar tun daga nan, ai zai fi saurin gamawa."