Sifika Biyu a Kunne Ɗaya

Damina guda na kwashe ina kulle kaina a shagona na gyaran waya a Kankiya, ina haɗa hedifon da duniya ba ta taɓa gani ba: sifika biyu a kowane kunne, babba don ƙugin ganga, ƙarama don zaƙin murya. Ko maiɗakina ban bari ta leƙa ba. Na rantse sai na yi masa rajistar mallaka a Abuja.

Na naɗe shi a tsumma, na nufi Kusada wurin Kawu Sada, lauyan danginmu.

Ya jujjuya shi, ya ce, "Ba a yi wa abu rajista in kowane mai gyara zai iya tunaninsa."

Na bugi ƙirji. "Kawu, kaf Katsina babu kan da zai kawo wannan."

Sai ya ƙwala wa maƙwabcinsa Iro mai gyaran rediyo kira. "Iro, in hedifon ba ya ƙugi, ya za a yi?"

Iro bai ko ɗago kai ba. "A ƙara mai babbar sifika mana."

Har yau, in na ce a ƙaro mini tuwo, sai maiɗakina ta ce, "Injiniya, wannan dabarar ma Abuja za a kai ta?"