Ba a Tsayawa a Ƙofar Riskuwa

"Lahiya lau, alhamdu lillahi. Ya gida, ya gwiwa? To, ya kuma shugabancin masu mota?"

Riskuwa ya ɗago kai. Yana zaune kan bencinsa a gindin dogon yaro, ƙofar gidansa da ke Gesse, sanda tsakanin ƙafafunsa, ya ƙura ido ga matar da ta leƙo ta tagar wata tsohuwar akori-kura. Laure ce, ɗiyar kawunsa, taubashiyarsa tun suna yara a Argungu. Shekara da shekaru, duk ranar Alhamis takan shigo Birnin Kebbi da kifin banda, ɗanta Zayyanu na tuƙi. Sukan ajiye motar a wannan inuwa, iyayen da ke zuwa ɗaukar yara a firamaren ƙarshen layi su saya, ita kuwa ta raɓa gefen benci su yi ta cacar baki da Riskuwa har la'asar. Amma tun da aka shafa wa bakin titin fenti rawaya, aka kafa allo cewa ba a ajiye mota a layin daga safe har a tashi makaranta, bai ƙara sa ta a ido ba. An fi wata guda.

Riskuwa ya juya wajen direban.

"Zayyanu," ya ce, "ina ka samo wagga tsohuwa? In bara ta kawo ta, ka gaya mata mun riga mun yi sadakar yau."

"Ina wuni, Kawu," in ji Zayyanu yana dariya. Bai kashe mota ba.

"Sadaka wurinka? Kai da hular kanka ma ta aro ce?" Laure ta turo ƙofa ta sauko a hankali, tana gyara mayafi. "Matsa mini, bawana. Ɗiyar namiji ta iso, ɗan mace na zaune kamar an dasa shi."

"Ba ki iya karatu ba? Ga allo can. Ba a ajiye mota, ba a ajiye tsofaffin kaya."

"Shi ya sa na yi mamaki da na tarar ba su kwashe ka ba."

Ya matsa. Ta zauna daidai inda ta saba zama, wurin da katakon ya ɗan lotsa. Ƙamshin hayaƙin banda ya biyo tufafinta ya shiga hancinsa, har ya lumshe ido bai sani ba.

"Labarinka ya iske mu har bakin gulbi," ta ce. "An ce an yi taro gidan mai unguwa. Masu mota sunka yi ƙorafinsu, kowa ya zauna, sai wani tsoho ya miƙe da sanda ya ce ko shi ko allon. Na ce Allah sarki, halan attajiri ne mai motoci jere. Anka ce mini Riskuwa ne. Riskuwan da ko keke bai taɓa mallaka ba!"

"Na taɓa keke."

"Na ofishin gona ne. Kuma ranar farko ka afka da shi cikin lambun albasar mutane."

"Ke mi kika sani? Haƙƙin jama'a nike karewa. Sama'ila maƙwabcina matarsa ta haihu, ranar suna baƙi sunka bar motoci can bayan kasuwa, sunka tako cikin rana da goyo da kayan barka. Maliki gidansa ba gareji, dole ya fita da mota tun da safe ko ba ya da wurin zuwa, ya yi ta zagaya gari kamar mai neman ɓataccen akuya. Likita ma in ya zo duba ni..."

"Wane likita? Mai yankan farce?"

"Ko shi ne, ba mutum ba ne?"

"Da ƙafa yake zuwa, Riskuwa."

Zayyanu ya kifa kai kan sitiyari yana shaƙe dariya.

Can daga makaranta muryoyin yara suka taso suna maimaita karatu. Laure ta juya ta dubi wajen, fuskarta ta ɗan sauya.

"Yarinyar fa?"

"Nazifa? Ta fara takawa. An cire mata ɗauri."

Yana nan kan wannan benci ranar da abin ya faru. Motoci sun cika layin hagu da dama, yarinyar ta fito a guje tsakanin biyu daga cikinsu, ɗan kabu-kabu bai gan ta ba sai da ya buge ta. Riskuwa ne ya tallafe kanta har aka zo da mota. Dalilin fentin ke nan, kuma duk layin ba wanda ya fi shi sanin haka.

"Ni ban ce a bar yara cikin motoci ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sassauci na nema."

"Awo, na ji irin sassaucin." Idonta ya sake yin haske. "An ce ka roƙi a cire rana guda a mako. Mai unguwa ya ce wace rana, ka ce Alhamis. Ya ce mi ke ga Alhamis, ka ce rana ce mai albarka. To ranar Alhamis kabu-kabu ba ya buge mutum ne?"

"Wa ya kai miki wagga ƙarya?"

"Duk Gesse ta ji. Kewata kake, tsoho. Faɗi gaskiya ka huta."

"Kewarki? Ni? Tun da kika daina zuwa na ƙara ƙiba. Tsuntsaye sun dawo kan dogon yaro. Kunnena na hagu da ya toshe ya buɗe."

"To mi ya sa wuyanka ya yi tsawo haka? Leƙen hanya?"

"Kifi nike jira, ba ke ba."

"Kifi na nan cike da kasuwa."

"Wannan mai warin kananzir? Wanda anka haifa cikin tankin siminti, bai taɓa ganin gulbi ba? Ki raba ni."

Ta miƙa hannu bayan mota, ta ɓare gefen wata tarwaɗa ta ba shi. Ya karɓa yana yamutsa fuska kamar an tilasta masa, ya kai baki, ya daɗe yana taunawa. Ba kifi kaɗai yake ji a harshensa ba. Yana jin hayaƙin murhun kakarsu da sanyin safiya, da ƙafafunsa cikin laka, da muryar mata suna sheƙar shinkafa a bayan gari. Tun ranar da aka binne mahaifiyarsa bai sake taka Argungu ba. Kullum gwiwa yake ɗora wa laifi. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne yana tsoron ya bi ta unguwarsu a yi masa sannu da zuwa irin ta baƙo, a tambaye shi gidan wa yake nema. Argungun da ta rage masa ita ce wadda ke zuwa ranar Alhamis a bayan akori-kura.

"Gishiri ya yi yawa," ya ce.

"Kawo sauran."

"Na riga na sa masa baki." Ya share hannu. "To, ruwa ya janye daga fadama?"

"Ba a ba da labari a layin da ba a tsayawa."

"Laure."

"Ya janye. An fara yankan shinkafa. Bana ta yi kyau, zangarniya har tana kwanciya."

"Tsamiyar gidan Kaka fa?"

"Tana nan, ta fi ka haƙora. Reshen da ka faɗo daga kansa ne iska ta karya."

"Ke kika girgiza shi."

"Kai ka hau satar rabona."

"Rabonki! Tsamiyar da kakata ta shuka?"

"Kakarka ta wajen uwa. Mu ne masu gida, kai ɗan ziyara ne."

Maganar wasa ce da ta sha faɗa masa, amma yau ta sauka a wani wuri dabam. Ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da bakin sanda. Laure ta lura. Ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Kada ka ce ba mu zo ba. Duk Alhamis muna bi ta bakin layin nan. Zayyanu ya rage gudu, in hango ka zaune, kai ka ba mu baya kana kallon wancan ɓangare. Sai mu wuce tasha mu sayar, kafin a tashi makaranta kifi ya ƙare, mu kama hanya."

"Ki yi mini ihu mana. Ke da ake jin muryarki daga wannan gaɓa zuwa waccan."

"In yi wa bawana ihu a titi? Mutane su ce na damu da shi?"

Ya kawar da kai, ya sauya magana.

"To yau mi ya tsayar da ke?"

"Saƙo. Hodi na kwance."

Sandar ta tsaya cak. Hodi ne abokinsa na ƙuruciya, wanda suke ɗaukar gora da homar kamun kifi su nufi gulbi tun kafin rana ta fito. Shi ya koya masa riƙe numfashi a ruwa. Rabonsu da haɗuwa tun wancan zaman makoki.

"Jiki ya yi tsanani?"

"Ba ya fita ko masallaci. Amma bakin yana nan. Na je gaishe shi shekaranjiya, ya ce, ‘Wannan matsoracin na Birni yana raye kuwa? Ki gaya masa har yanzu ban ga wanda ya kai shi gudun ruwa ba.’"

"Ni? Ni ke gudun ruwa? Wa ya kamo giwar ruwan da sai da maza huɗu sunka ɗauke ta?"

"Bara maza uku ka ce."

"Ta ƙara girma."

"Hodi ya ce ita ta kama ka. Ya ce ta ja ka cikin gulbi kana kiran Inna, shi ya riƙo ka da wando."

"Ƙarya yake! Wallahi da yana kusa..."

"Yana kusa. Tafiyar da ba ta kai a dafa wake ba."

Ya dubi gwiwarsa, ya dubi ƙofar gida, ya dubi titin da ya miƙe fayau ba mota ko ɗaya, fentin yana ƙyalli cikin rana.

"Inna," in ji Zayyanu, idonsa a madubi. "Ga su nan tafe."

Daga ƙarshen layi wani jami'in kula da hanya ya taho cikin rigarsa mai walƙiya, yana jan marin ƙarfen da suke sa wa tayar mota. Ba ya sauri. Ya ɗaga hannu ɗaya yana nuna musu hanya, alamar su yi wa kansu ƙiyamullaili su tashi.

Laure ta miƙe ta kakkaɓe zane.

"To, shugaban masu mota, mu mun tahi. Sai dai na karanta allon nan da kyau. An hana ajiyewa, ba a hana ɗaukar kaya ba."

"Ni ne kayan?"

"Buhun albasa ya fi ka daraja, amma akwai wuri. Gobe Zayyanu na da lodi, ya maido ka."

"Gwiwata ba ta son mota."

"Gwiwar da ta kai ka gidan mai unguwa ta tsaya da kai kana ta zuba?"

"Ban yi shiri ba."

"Wa zai duba ka? Hodi ma ido ɗaya ya rage masa."

"In na je, wa ya san ni?" Maganar ta kuɓuce masa kafin ya kama ta.

Laure ta juyo ta dube shi sosai.

"Duk wanda ka taɓa ɓata wa lambu ya san ka. Kuma ni na san ka, abin da ya fi damuna ke nan. Tashi."

Jami'in ya kusa. Riskuwa ya dafa sanda ya yunƙura, ya juya wajen zaure ya ɗaga murya ga matar ɗansa.

"Zainabu! Miƙo mini babbar riga da maganina! In Taufiq ya dawo aiki ki ce na tahi Argungu!"

"Ina, Baba?" muryarta ta fito daga ciki, cike da mamaki.

"Argungu na ce! Akwai wani maƙaryaci da zan je in rufe wa baki!"

Zainabu ta fito a guje da riga a kafaɗa da leda a hannu. Jami'in ya iso, ya dubi motar, ya dubi tsohon da ke kokawar sa hannu a riga.

"Baba, kai ma ka san doka."

"Na fi ka saninta, ɗana. Fasinja suke ɗauka."

A bakin ƙofar mota ya tsaya, don ya san duk duniya ba wanda Laure ke bar wa gefen taga. Sai ya ga ta riga shi shiga, ta matsa can tsakiya kusa da giya, ta takure ƙafafunta, ta bar masa wurin.

"Shiga mana. In munka kai fadama ka buɗe ido da kyau, ba zan sa a tsaya maka ba."

Riskuwa ya hau da ƙyar, ya ja ƙofa, ya ɗora gwiwar hannu kan taga. Mota ta motsa. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe ba ta fito ba, har sai da ya goge ido da bakin riga.

"Ɗiyar namiji," ya ce, "yau kam kin ci."

"Yau kaɗai?"

"Zayyanu, taka mota, kafin uwarka ta sa in sauka."