Farin Keken Roba

"…lafiya lau na kwana, sai dai ƙaurin nan da kika shigo min da shi. Me kika ƙona, amarya?"

Tsohon tela ne. Da idonsa ya yi rauni, sai ya bar wa jikarsa shago da baƙin kekensa na ƙarfe. Ita kuwa sarauniyar iyayi, ta je ta yi musanyarsa da wani farin keken roba mai fitila, irin na ɗinkin cikin gida. Yau ga ta a ƙofar ɗakinsa rungume da shi, ga rigunan kujerar mutane guda biyu a kafaɗa, gobe za a zo karɓa.

"Ni ban ƙona komai ba. Ina cikin ɗinka yadin nan mai kauri keken ya yi tari sau biyu, ya yi shiru."

"Allah ya jiƙan rai. Watansa nawa a duniya?"

"Uku."

"Wanda kika kora ya girmi ubanki, ko mura bai taɓa yi ba."

"Shi ya sa na sallame shi. Tsofaffi biyu sun yi min yawa."

"Kin dai ga fari kin bi. Haka za ki yi min wata rana."

"Wata rana? Na daɗe da kai ka kasuwa, an rasa mai tayawa."

Ya ja keken gabansa yana lalube, ya ƙwanƙwasa cikinsa da farce.

"Wannan don uwa ta kama bakin rigar ɗanta sau ɗaya a mako aka yi shi, ba don mai wuni a kai ba. Haƙoran cikinsa ma roba ne."

"Ya dai fi ka, kai ko na robar babu."

"Naki bakin ai ya ishe mu. Tashi ki je wajen waɗanda kuka yi musanyar ki ba su haƙuri, ki dawo min da nawa."

Sai ta sauke rigunan daga kafaɗarta.

"Daga can nake, Kaka. Sun sayar wa masu ƙarfe, an farfasa shi."

Ya daɗe yana shafa gwiwar da ta yi shekara arba'in tana taka keken nan. Wallahi abin da ban tausayi.

"Da shi na ɗinka miki rigarki ta farko."

"Na cuce ka, na cuci kaina. Yau ba ni da bakin magana."

"Ashe dai kina gajiya," ya ce, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya laluba aljihun tebur ya zaro basilla da kakkauran zare, ya miƙa mata.

"Da hannu, Kaka? Riguna biyu?"

"Mutane za su zo gobe, ba ruwansu da wanda ya mutu. Ni ba na ganin kafar. Zura min zaren, ki zauna nan ki faɗa min in na karkace."