Kwamfutar Malumfashi Tana Amsawa

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na rubuta wa ƙungiyar manomanmu ta Funtua manhaja, bayan na yi ritaya daga koyar da lissafi. A makarantar mishan an tarbiyyantar da mu a kan cewa kuskure ƙazanta ne, kuma da wannan aƙida na koyi kwamfuta da furfurata.

Damuwar ƙungiya ita ce reshenmu na Malumfashi. Lokacin rabon taki, ba mu sanin ko kwamfutarsu tana kan layi, sai a yi ta tura bayanai suna ɓacewa a hanya. Na ce zan rubuta ɗan shiri wanda zai aika mata sallama ta cikin intanet, ya saurari amsa. In ta amsa, tana nan. Na fara tsara shi a takarda da alƙalamin tawada, na ja layi da rula (har yau ina jin ƙamshin danshin ofishin nan, da na masarar da ake gasawa a ƙofa). Sakatariyarmu, Hajiya Rabi, wadda na koyar a aji uku, ta nemi ta duba mini. Na shaida mata cewa aikina ba ya bukatar ido na biyu.

Ranar gwaji shugabanmu, marigayi Alhaji Sule, ya tara kwamiti. Na danna, allo ya rubuta cewa Malumfashi ta amsa. Na sake, ta sake amsawa, da saurin da ko ɗalibina mafi ladabi bai taɓa yi ba. Na gyara zaman tabarau. Alhaji, cikin murna, ya buga wa mutanen Malumfashi waya don ya yi musu albishir, ya kuma buɗe muryar kowa ya ji. Suka ce ai rufin ofis ya yi yoyo, kwamfuta tana cikin kwali a gidan ma'aji tun makon jiya.

Hajiya Rabi ta leƙa allon. A hankali ta nuna mini adireshin da na sa tun ranar da nake gwaji a gida, na kuma mance ban canza ba. Na kwamfutata ne. Ni ke sallama, ni ke amsawa.

"Malam," in ji ta, idonta a ƙasa, "ba kai kake sa mu durƙusa ba in mutum ya duba jarrabawarsa da kansa?"

Alhaji Sule ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Daga ranar, duk inda muka haɗu sai ya ƙi yi mini sallama, ya ce yana jira in gaishe da kaina tukuna. Allah ya jiƙansa. Yanzu babu mai yi mini wannan tsiya, kuma ina kewarta.

Na gyara adireshin, shirin ya yi wa ƙungiya aiki shekaru. Amma tun daga lokacin, duk abin da ya yi saurin gaskata ni, sai na kira Rabi ta duba.