Yaƙin Malfar Sallau Sarkin Aska

Da sunan Allah muke buɗe baki. Amma ba'adu, wannan tarihin Sallau ne, Sarkin Askar Tsaunin Gwanki, ɗan Gambo mai ƙaho, jikan Mijinyawa wanda ya yi wa mahaukaci aski a tsaye, tattaɓa-kunnen Baushe wanda bai taɓa yankar kunnen kowa ba sai wanda ya motsa. Sallau mai baƙar zabira, mai sunkuyar da kan attajiri, sadaukin da kowane mai girman kai a garin nan ke cire wa hula ko yana so ko ba ya so.

A shekarar da fitinar zaɓe ta sauka, gari ya rabe biyu. Rundunar jam'iyyar Tulu ta ɗauki koriyar hula, rundunar Tsani ta ɗauki shuɗiya. Mai shayi ya raba bencinsa, mahauta suka raba rumfa, har masu zuwa gaisuwar mutuwa sai sun leƙa sun ga launin da ya fi yawa kafin su zauna. Sallau kuwa ba ya Tulu, ba ya Tsani. Tulu suka yi alkawarin rijiyar burtsatse, ya ce madalla. Tsani suka yi alkawarin gyara gada, ya ce madalla. Yana son ruwan, yana son gadar, ya kuma rasa abin da zai sa mai son ruwa ya daina gaida mai son gada.

Ga shi abincinsa a kan kawunan mutane yake, rabi na Tulu, rabi na Tsani. Duk ranar da aka ce ya karkata, rabin gari zai ɗauke kansa ya kai wani wuri, askar kakanni ta yi tsatsa.

Da gari ya waye ranar zaɓe, barde ya buɗe adakarsa domin ya yi shirin fita. Ga koriyar hula, kyautar amininsa Alhaji Mamuda, jigon Tulu. Ga shuɗiya, ɗinkin Barau Tela, jigon Tsani, abokinsa tun na makarantar allo. Ya miƙa hannu ga tsohuwar farar hularsa, sai matarsa Kande ta ce daga bakin murhu:

"Malam, farar ma an ɗauke. Wata sabuwar jam'iyya ce, tun shekaranjiya."

Sallau ya janye hannunsa. Dattijo irinsa ba ya fita kai ba hula, sai dai in gobara ce ta koro shi.

"Ka yi zamanka mana," in ji Kande. "Ƙuri'a ɗaya ce fa."

"Tawa ce," in ji Sallau.

Nan ya ɗaga ido ya hangi malfar noma rataye a jikin rumbu, wadda gara ta ci gefenta, rana ta cinye launinta, wadda babu wata jam'iyya a doron ƙasa da za ta yarda ta ce tata ce. Ya kaɗe ta, ya kifa a ka, ya ɗaure igiyar a haɓa, ya sa babbar riga, ya fita kamar mayaƙi cikin sulke.

Arangamar farko a ƙofar Alhaji Mamuda aka yi, inda korayen huluna suka cika titi kamar gonar albasa.

"Tulu!" suka yi masa kuwwa, suna jira ya amsa musu da "Sai ruwa!"

"Ina kwananku," in ji Sallau.

"Sarkin Aska, gona za ka ranar zaɓe?" in ji Mamuda. "Ina koriyar da na ba ka?"

"Tana wurin wanki."

Ya keta runduna, bai waiwaya ba.

Arangama ta biyu a bakin kasuwa ce, inda Barau da jama'arsa suka ja daga.

"Tsani!"

"Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

"Kai, Sallau, wannan addu'ar munafukai ce! Faɗi ɗaya!"

Sai wata wakiliyarsu ta tsallako da leda ɗauke da taliya da sabulu, ta nufo hannun jarumi gadan-gadan. A daidai wannan sa'a Allah ya aiko da iska, ta shiga ƙarƙashin malfa tana neman tashi da ita, Sarkin Aska ya kama gefe da gefe da hannu bibbiyu, ya zamana ba shi da hannun karɓar komai, ya wuce a haka, riga na kaɗawa kamar tutar yaƙi, har ya isa makarantar firamare inda aka ajiye akwatin zaɓe.

Ya bi layi cikin rana, shi kaɗai ke da inuwa. Ya dangwala wa ɗan Tulu ciyaman, ya dangwala wa ɗan Tsani kansila, domin ya san mutanen biyu, ya daɗe yana riƙe da kawunansu. Ya koma gida ya ce da Kande an yi nasara, kowa bai kama shi ba.

Washegari ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya wasa aska. Sai ga samari jere, kowa da sabuwar malfa a ka.

"Malfa! Sai Baba!"

Suka ce sun gaji da Tulu, sun gaji da Tsani, sun ga alamar da ya ɗaga jiya, shi ne jagora, zaɓe mai zuwa shi za su tsayar. Kafin ya buɗe baki, saƙo ya iso daga wurin mai shayi. Mamuda da Barau, waɗanda suka daɗe ba su gaisa ba, sun zauna a benci ɗaya, sun yi ittifaƙi cewa Sallau ya kafa jam'iyya domin ya raba musu ƙuri'a. Daga yau babu kan Tulu, babu kan Tsani da zai ƙara zuwa tabarmarsa.

Sallau ya dubi sabuwar rundunarsa, ya ƙiyasta kawunan da suka rage masa a duniya.

"To, wa zai fara zama?"

Suka dubi juna.

"Baba, ai mu a shago muke yi, da inji."

Ranar nan Sarkin Askar Tsaunin Gwanki, ɗan Gambo, jikan Mijinyawa, kai ɗaya ya samu, na limamin gari. Shi ma sanƙo gare shi.