Kazar da Aka Yanka Saboda Imel

Na rantse wa Kawu Bitrus, shugaban ƙungiyar manoman Gella, cewa haɗa imel a kwamfutarsu aikin yini ne, sai gwani ya shigar da saitin da hannu. Na taso daga Mubi, aka yanka mini kaza.

Ina saka adireshi da kalmar sirri, manhajar ta nemo saitin da kanta. Ko fige kazar ba a gama ba. Na ɗaure fuska, na ci gaba da danne-dannen ƙarya.

Sai kwamfutar ta yi ƙara, saƙon mai sayen wakensu ya shigo.

Kawu ya leƙo. "Ɗana, ashe ta riga ka."

Wake ya sayu. Amma har yau, ko fitila zan kunna a Gella, sai an tambaye ni, "Injiniya, a kama kaza?"