Injin da Alhaji Harisu Ya Yi wa Wanka

Kaf unguwar Gataa El Oued da ke Tamanrasset babu masanin mota irin Alhaji Harisu mai shagon barguna. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma wa ya fi shi sanin kansa? Bawan Allah nan ya taɓa yin wata uku cur a wani garaji a Zinder. 'Yan hassada sun ce shara yake yi a can. To, ai sharar ma a gaban injuna aka yi ta! Shi ya sa unguwa ta raɗa masa suna Farfesan Kapo, shi kuwa yana amsawa har da ɗaga hannu.

Ana nan sai labari ya zo cewa Alhaji Abdulmumini, shugaban 'yan kasuwar Nijar na Tamanrasset, zai je Tahifet ranar Asabar nema wa ɗansa aure. Motocin sahara uku, kat-kat, za a yi ayari da su, ɗaya ce za ta ɗauki shugaba ta shige gaba. Tun da Farfesa ya ji haka abinci ya daina shigarsa. Shekara shida yana neman ranar da za a gan shi kafaɗa da kafaɗa da shugaba, ga ta ta zo. Sai dai Baba Sha'ibu, tsohon direban sahara, shi zai duba motocin ya zaɓa.

Ranar Alhamis da hantsi Farfesa ya fito da motarsa ƙofar gida, ya ɗaga kapo, wato murfin inji, ya tara maƙwabta.

"Jama'a, ku matso ku ƙaru! Jahili ne ke watsa wa inji ruwa da zafinsa. Sai ya huce. Ni nan da kuke gani, inji na jin maganata."

Aka tsaya awa guda a rana ana jiran inji ya huce, ga shi tun jiya ba a tayar da shi ba.

Gaskiya dai, aiki ya yi shi bisa ƙa'ida, kada mu ci haƙƙinsa. Ya cire wayar batir. Ya naɗe alternater mai cajin batir da ledar burodi, ya ɗaure da igiyar zanen matarsa Rakiya. Ya toshe mashaƙar iska da hular wankanta. Da ya rasa buroshi, ya shiga ɗaki ya ɗauko na haƙoranta.

"Alhaji, da me zan wanke baki?" in ji Rakiya daga bakin ƙofa.

"Rakiya, bakinki ba shi zai je Tahifet ba."

Haka ya bi lungu-lungu da ruwan omo, yana goga yana huɗuba. Bai yarda da tiyo ba, da butar alwala ya ɗauraye, kaɗan-kaɗan. Ya tsane ko'ina da rawaninsa na Juma'a. Kafin la'asar inji na ƙyalli kamar tiren shayin amarya. Ya mayar da waya, ya murza makulli, mota ta tashi tsaf. Wayyo daɗi! Har ƙwalla ya yi.

Asabar da safe aka jera motoci a ƙofar shugaba. Farfesa ya sha shadda, ya sha turare. Baba Sha'ibu ya fara leƙa injin Sa'idu mai tumatir, wanda ƙura ta yi wa bargo. Ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai. Da ya iso wurin Farfesa aka ɗaga kapo, sai tsoho ya ja da baya.

"Subhanallahi! Alhaji, me kake ɓoyewa?"

"Ɓoyewa, Baba? Wannan ai tsabta ce ta ilimi!"

"Ni ƙura nake dubawa, ɗana. Inda mai ke yoyo, ƙura na yin baƙi ta manne. Inda ruwa ke zuba, ta yi fari. Na Sa'idu busasshiya ce ko'ina, na san lafiyarsa lau. Naka ka goge min komai. Shekarata arba'in a hanya, ban ga wanda ya wanke inji haka ba sai mai neman sayar wa baƙo. Ba zan sa shugaba a motar da ban san cikinta ba."

Farfesa ya rantse, ya kira maƙwabta shaida, ya fara bayanin ledar burodi. Ina! Shugaba ya riga ya shige motar mai tumatir, ya zauna a kan kwali.

Amma ba a wulaƙanta Farfesa ba, a'a. Aka ba shi amanar raguna biyu na gaisuwar surukai, aka sa shi a tsakiya don in ya mace a hanya a ja shi. Motar kuwa ko tari ba ta yi ba har Tahifet, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan.

Da aka isa, dattawan gari suka yi layi suna tarbar baƙi. Farfesa ya sauko, ya karkaɗe gashin rago daga shaddarsa, ya nufi tabarmar manya da hannu a miƙe. Wani dattijo mai jin Hausa ya tare shi da fara'a.

"Sannu da hanya, mai kiwo. Ta baya za ka zagaya da su, akwai ruwa a can."